Bayan Japanawa Sun Fita Daga Bama, Da Me Talakawan Ƙasar Suka Rayu?

Ɗan Argungu ya rubuta:

Assalamu alaikum iyayenmu da malamanmu. Ina da tambaya a kan tarihi, kuma ina roƙon wanda Allah ya ba sani a kanta ya taimaka mini. Kakana na wajen uwa yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da Turawan Ingila suka kai ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ya iso gare mu na labarinsa ta bakin iyayenmu bai wuce daji da ruwan sama da sauro da ɗaukar kaya a ka cikin tsaunuka ba. Littattafan da muka karanta a makaranta su ma, da zarar sun kai ga miƙa wuyan Japan a watan Agusta na 1945, sai su rufe babin Asiya su koma kan Turai.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutanen ƙasar su kansu. Sojojinmu sun hau jirgin ruwa sun dawo gida, amma manomin da aka yi yaƙin a kan gonarsa yana nan inda yake, kuma ya shafe fiye da shekara uku a ƙarƙashin Japanawa kafin tsofaffin masu mulkinsa su dawo. Ina son in san yadda rayuwarsa ta yau da kullum ta kasance a shekarun farko bayan yaƙin. Me yake ci, me yake ɗaurawa, da wane kuɗi yake zuwa kasuwa? Su kuma Turawan da suka dawo, sun gyara abin da ya lalace ne, ko kuwa mutanen ƙasar aka bar wa nauyin?

Malam Na-Gusau ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kakanka da sauran 'yan mazan jiya. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi mafi yawan yaƙinsu ne a yankin Arakan, a kwarin kogin Kaladan da wajen garin Myohaung, shi ya sa har yau muke da barikin Arakan da na Myohaung a Legas, da na Dalet da Kalapanzin a Kaduna.

Kafin a yi maganar gyara, ya kamata a san cewa yaƙi ya taka ƙasar Bama sau biyu, sau ɗaya da shigar Japanawa, sau ɗaya da fitarsu, kuma babban ɓangare na ɓarnar farko Turawan Ingila ne suka yi ta da hannunsu don kada abokan gaba su amfana. A 1942, lokacin da suke ja da baya zuwa Indiya, sun ƙone rijiyoyin mai na Yenangyaung da matatar mai ta Siriyam kusa da Rangun, babban birnin ƙasar a lokacin, sun karya gadar Ava da ke kan kogin Irawadi, sannan suka nutsar da mafi yawan jiragen ruwan kamfanin Irrawaddy Flotilla, wanda kafin yaƙi yake da jirage da kwale-kwalen kaya fiye da 600. Daga 1943 zuwa 1945 kuma jiragen saman ƙawance, wato Ingila da ƙawayenta, suka yi ta ruwan bama-bamai a kan layin dogo da gadoji da tashar jiragen ruwa, tsohuwar fadar sarakunan ƙasar da ke Mandalay ma ta ƙone a watan Maris na 1945. Da aka sake kama Rangun a farkon watan Mayu na wannan shekarar, birni aka tarar wanda famfo da lantarki da kwashe shara duk sun tsaya.

Maganar abinci ita ce ta fi ba ni tausayi, domin ƙasar ba ta matalautan abinci ba ce. Kafin yaƙi babu ƙasar da ta kai Bama fitar da shinkafa a duniya, tana sayar da kimanin tan miliyan 3 a kowace shekara, mafi yawa zuwa Indiya da Silon (Sri Lanka a yau) da Malaya (wani ɓangare na Malesiya a yau). Da Japanawa suka mamaye ta, waɗannan kasuwanni suka rufe, jiragen da za su ɗauki shinkafar babu, sai shanshera ta taru a yankin kudu inda kogin ke shiga teku, ta rasa mai saye, alhali a tsakiyar ƙasar, inda ruwan sama bai da yawa, mutane suna fama da yunwa saboda babu abin da zai kai musu ita. Manomin kudu da ya ga abin da ya noma bai isa ya saya masa gishiri da man girki ba, sai ya rage noman zuwa abin da gidansa zai ci. Zuwa ƙarshen yaƙi filin da ake noma shinkafa ya ragu da kusan rabi. Illar ba ta tsaya a Bama ba, domin yankewar wannan shinkafa tana cikin dalilan yunwar Bengal ta 1943 wadda ta kashe miliyoyin mutane.

Sutura kuwa ta fi abinci wuya a wurare da yawa. Yawancin yadin da mutanen ƙasar ke ɗaurawa, maza da mata, daga waje ake shigo da shi, musamman daga Indiya, kuma shekara uku babu abin kirki da ya shigo, har ta kai wasu sun koma ɗaura buhun algarara. Sabulu da magani su ma sun ɓace, ƙazuwa ta yaɗu, zazzaɓin cizon sauro da agana da kwalara suka samu jikin da ya riga ya raunana.

Game da ko Turawa sun gyara, sun yi wani abu, ba zan hana su ba. Gwamnatin soja da ta biyo bayan rundunar Ingila ta raba abinci da yadi, ta buɗe asibitoci, ta fara tayar da layin dogo. Amma tsarin da Gwamna Reginald Dorman-Smith ya zo da shi daga garin Simla na Indiya, inda ya yi zaman gudun hijira, lokacin da ya dawo a watan Oktoba na 1945, ya ginu ne a kan a fara tayar da tsofaffin kamfanonin Ingila na shinkafa da katako da mai da sufurin kogi, da tallafin gwamnati, a kan cewa idan suka tashi ƙasa za ta tashi. A ganina nan ne suka kasa fahimtar mutanen da suka dawo suka tarar.

Manomi Daga Suru ya amsa:

Allah ya gafarta Malam, na karanta bayaninka da idon mai noman shinkafa, kuma ina son in ƙara abin da wanda bai taɓa shiga fadama ba yana iya tsallakewa. Cewa fili ya ragu da rabi magana ce mai sauƙin rubutawa, amma mayar da wannan rabin aiki ne da ba a gama shi cikin damina ɗaya. Gonar shinkafa idan ta kwana shekara biyu ko uku ba a taɓa ta ba, ciyawa mai saiwa ce ke kama ta, jingar da ke riƙe ruwa ta zube, magudanan su cike, wurin da aka baje ya koma tudu da kwari. Irin shuka ma idan ya daɗe a ajiye ba ya tsirowa yadda ya kamata, kuma mai yunwa ba ya ajiye iri, cinye shi yake yi.

Babban abin kuma shi ne dabbobi. Mutanen can da shanu da ɓaunayen gida suke huɗa, kuma a lokacin mamayar sojojin Japan sun ƙwace da yawa don nama da jan kaya, ciwon bushiya da sauran cututtuka suka kashe wasu saboda allurar dabbobi ta tsaya. Gwamnati tana iya sauke buhun shinkafa daga jirgi ta raba a yini ɗaya, amma ba ta da yadda za ta yi ta sa ɗan maraƙi ya isa jan garma kafin shekara uku ko huɗu. Wanda ya rasa shanunsa, ko dai ya yi haya da tsada daga wanda nasa suka tsira, ko ya noma ɗan abin da ƙarfin hannunsa zai iya.

Ga kuma tambayar gonar ta wace ce. Tun kafin yaƙi, bayan faɗuwar farashin shinkafa a shekarun 1930, masu ba da bashi da ruwa 'yan Indiya da ake kira Chettiar sun mallaki kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gonakin kudancin ƙasar ta hanyar jingina. Da yawansu sun gudu Indiya a 1942, manoma suka ci gaba da noma ba tare da biyan haya ba. Da zaman lafiya ya dawo sai takardun bashin suka biyo shi. Ina tambayar masana harkar kuɗi da ke cikinmu: ɗan abin da manomin ya tara a waɗannan shekaru, wanda duk kuɗin Japan ne, ina ya kwana?

Tsohon Ma'aikacin Banki, Birnin Kebbi, ya amsa:

Alhaji, amsar a taƙaice ita ce ya zama takarda. A 1945 hukumar sojan Ingila ta ayyana cewa rupin da Japanawa suka buga a Bama ba kuɗi ba ne, kuma ba ta ba da ko anini a madadinsa ba. Haka aka yi a Malaya da Singafo a watan Satumba na wannan shekarar da kuɗin da mutane suke kira kuɗin ayaba, saboda hoton ayabar da ke jikin takardar dala 10, haka kuma aka yi a Hong Kong da yen na soja. Wanda ya ga halin da muka shiga a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi zai iya ƙiyasta kaɗan, sai dai mu an ce mu kai tsoho mu karɓi sabo, su kuwa babu wurin kaiwa.

Na san abin da zan faɗa ba zai yi wa kowa daɗi ba, amma ina ganin hukumar ba ta da wata hanya mai kyau. Japanawa sun buga waɗannan takardu ne ba tare da wani abu da ke tsaye a bayansu ba, babu zinariya, babu ajiya, kuma zuwa ƙarshen yaƙi sun daina ma sa musu lambar da za a iya ƙidaya su da ita. Da wannan kuɗi suke sayen shinkafa da shanu da ƙwadagon mutane, wato ƙwace ne da aka yi masa rigar ciniki. Farashi ya hau har ta kai ana zuwa kasuwa da kuɗi a jaka don sayen abin da bai cika kwano ba. Da gwamnatin da ta dawo ta ce za ta fanshi waɗannan takardu, da ta ɗauki bashin da ba ta san iyakarsa ba, da sabon kuɗin ma ya lalace tun ranar farko, kuma waɗanda za su fi cin riba su ne 'yan kasuwar bayan fage da 'yan kwangilar sojan Japan, domin su ne masu buhu-buhu.

Wurin da aka fi shan wahala a shari'a shi ne basussuka. Mutum ya ci bashi da kuɗi mai daraja a 1940, ya biya a 1944 da takardun da ba su sayen komai, shin ya biya ko bai biya ba? Wani ya sayar da gidansa a ƙarshen mamaya don ya ci abinci, bayan 'yan watanni kuɗin ya mutu, gidan kuma yana hannun wanda ya saya. Sai a 1948 aka yi doka a Malaya wadda ta tsara yadda za a ƙiyasta darajar kuɗin Japan gwargwadon lokacin da aka yi biyan, a mayar da shi zuwa kuɗi na gaskiya, wanda ya biya a ƙarshen yaƙi ya cika ragowar.

Hong Kong ita ce misalin da nake kafa hujja da shi. Mutanenta sun ragu daga kimanin miliyan 1.6 a 1941 zuwa kimanin 600,000 a 1945, saboda yunwa da gudu da korar da Japanawa suka yi wa jama'a zuwa cikin ƙasar Sin. Jiragen yaƙin Ingila sun shigo ranar 30 ga Agusta, 1945, aka dawo da dalar Hong Kong cikin makonni, gwamnati ta riƙe sayen shinkafa da rabonta ta kuma ƙayyade farashi, aka mayar da mulkin farar hula ranar 1 ga Mayu, 1946. Da mutane suka amince da kuɗin, ciniki ya dawo, jama'a suka yi ta kwararowa har suka wuce adadinsu na kafin yaƙi cikin 'yan shekaru.

Hajiya Bazamfariya, Ƙauran Namoda, ta amsa:

Ranka ya daɗe, na fahimci lissafinka, amma ban yarda cewa babu wata hanya ba, kuma Hong Kong ɗin da ka kawo ita ce hujjata. A can Japanawa sun tilasta wa manyan ma'aikatan bankin Hongkong da Shanghai sa hannu a kan takardun kuɗin da ba a riga an fitar ba, suka kashe su a kasuwa, su ma babu komai a bayansu. Duk da haka a 1946 aka amince da waɗannan takardu aka biya su cif, saboda sunan bankin yana jikinsu kuma ana son a kare mutuncinsa. Ke nan an iya ɗaukar asara a inda aka ga dama. Su kuwa talakawan da aka tilasta wa canza dalarsu zuwa yen na soja, dala huɗu a kan yen ɗaya, sun bi haƙƙinsu har kotun Tokyo, wadda ta yi watsi da ƙararsu a 1999, lokacin da mafi yawansu sun tsufa ko sun rasu. A tsibirin Java na Indonesiya kuma kuɗin Japan ya ci gaba da yawo a kasuwa har cikin 1946. Ana iya sa iyaka, a ce kowane gida a canza masa ɗan abin da zai sayi abincin wata ɗaya, mai buhu-buhu ya yi asarar saura. Mai sayar da ƙosai ba ita ta zaɓi kuɗin da za a biya ta da shi ba, kuma wanda ya ƙi karɓarsa a lokacin mamaya yana iya rasa ransa.

Ina son kuma a dubi abin daga madafa. Malaya kafin yaƙi tana shigo da kusan kashi biyu cikin uku na shinkafar da take ci, don haka da hanya ta yanke sai mutane suka koma kan rogo da dankali, ciwon kumburi da ake kira beriberi ya kama manya da yara. Mutane sun zaci ranar da Turawa suka dawo shinkafa za ta dawo, sai ga shi rabon da ake bayarwa da kati a 1946 ya yi ƙasa ƙwarai, mata suna kwana a layi, abin da ya kamata ya zo ta hannun hukuma yana fitowa a kasuwar bayan fage, har jama'a suka laƙaba wa gwamnatin sojan suna gwamnatin kasuwar bayan fage. Ingila ta ɗora wa Tailan, a yarjejeniyar 1 ga Janairu, 1946, ta ba da tan miliyan 1.5 na shinkafa kyauta, amma abin bai yiwu ba, domin ba mai fitar da shinkafarsa kyauta alhali fasa-ƙwauri yana biya, daga baya dole aka koma saye.

Abin da na yaba shi ne gidajen abincin jama'a da sashen jin daɗin al'umma na Singafo ya buɗe a tsakiyar 1946, inda ma'aikaci zai ci abincin rana a kan santi 35 na dala, da cibiyoyin ciyar da yara. Wannan bai sake gina tashar jirgi ba, amma ya hana lebura faɗuwa a bakin aiki, ya kuma tilasta wa masu sayar da abinci rage farashi.

Malam Na-Gusau ya sake amsawa:

Hajiya ta taɓo abin da ya sa lissafin Turawa ya rushe a Bama. Ɗana Ɗan Argungu, mutanen da aka kashe wa kuɗi, aka dawo musu da takardun bashi, aka ce su jira kamfanoni su tashi, mutane ne da suka ga Bature ya gudu a 1942 ya bar su, kuma suna da sojoji nasu. Rundunar Aung San, jagoran masu neman 'yancin Bama, wadda da farko ta bi Japanawa, ta juya musu baya ranar 27 ga Maris, 1945. Duk da haka takardar manufa da gwamnatin Landan ta fitar a watan Mayu na 1945 ta ce Gwamna zai yi mulki kai tsaye na shekara uku kafin a koma maganar zaɓe. Wani ɓangare kaɗan na mayaƙan aka ɗauka cikin sabuwar rundunar ƙasa, saura suka koma ƙauyuka babu aiki, ga makaman da Japanawa suka bari da waɗanda ƙawance suka jefa wa 'yan sari-ka-noƙe sun cika ƙasa. Fashi da makami ya yawaita har manoma a wasu yankuna suka bar ƙauyukansu suka taru a garuruwa, wanda ya ƙara jinkirta komawa gona.

A watan Satumba na 1946 'yan sandan Rangun suka shiga yajin aiki saboda albashinsu bai isa sayen abinci ba, ma'aikatan gidan waya da na jirgin ƙasa da na ofisoshin gwamnati suka bi su. Sabon Gwamna, Hubert Rance, ya ga ba shi da mafita sai ya shigar da Aung San cikin majalisar zartarwa. A watan Janairu na 1947 aka sa hannu a kan yarjejeniya da Firayim Ministan Ingila Attlee, aka kashe Aung San da abokan aikinsa ranar 19 ga Yuli na wannan shekarar, ƙasar ta samu 'yancin kai ranar 4 ga Janairu, 1948. Sabuwar gwamnati ta karɓe kamfanin jiragen kogi ta kuma yi dokar mayar da filayen noma hannun ƙasa a shekarar, amma cikin watanni yaƙin basasa ya ɓarke, da 'yan gurguzu tukuna, sannan da ƙabilar Karen a 1949, aka sake karya gadoji da layin dogon da aka fara gyarawa.

Saboda haka mafi yawan aikin gyaran ya faɗa ne a kan mutanen ƙasar bayan Turawa sun tafi, kuma ya ja lokaci. Gadar Ava ba a sake buɗe ta ba sai 1954, shinkafar da ake fitarwa kuma har ƙarshen shekarun 1950 ba ta koma tan miliyan 3 na kafin yaƙi ba. Kamfanin Burmah Oil ya kai gwamnatin Ingila ƙara a kan kayansa da aka ƙone a 1942, ya yi nasara a kotun ƙoli ta Majalisar Dattawan Ingila a 1964, sai majalisar dokoki ta yi doka a 1965 wadda ta soke biyan irin wannan diyya har ga abin da ya riga ya wuce.